Takwarar Kakata

Akwai wani lungu a kasuwar Chow Kit, a nan Kuala Lumpur, bayan masu kifi, inda wani mutum yake babbake kan akuya da ƙafafu. Ba da karan dawa yake yi ba, da wutar gas yake yi, amma ƙaurin bai san bambanci ba. Duk sanda na bi ta wurin, musamman in shekara ta zo ƙarshe, sai na yi turus kamar wanda aka kira daga baya. Matata ta sha yi mini tsiya, wai ta aike ni sayen attaruhu na dawo mata da fuskar ta'aziyya. Ta san dalili sarai. Wannan ƙaurin shi ne safiyar Kirsimeti a gidanmu, ni kuwa safiyar Kirsimeti haushi take fara tuna mini kafin ta tuna mini shinkafa.

Na san za ka ɗauka duk Bahaushen da ke Kuala Lumpur masallaci yake zuwa. Kusan haka ne, amma ba duka ba. Ni ɗan Katolika ne, jikan Maguzawa, daga wani ƙauye a kudancin Katsina, karatu ne ya kawo ni nan kamar kowa. Gidan da na tashi babban gida ne, rumbuna a tsakiya, ɗakuna zagaye, cocinmu ta laka tana bayan kukar gidan. Fada, limamin cocinmu, ba ya zama a ƙauyenmu. Sai mu daɗe ba mu ji ƙarar babur ɗinsa ba, katikis ne yake ja mana addu'a ranar Lahadi, shi yake koya mana waƙa, shi yake binne mana matattu.

A gidan nan akwai kakata, mahaifiyar babana. Gajeriyar mace ce, mai garin taba a leɓe, mai taurin kan da ban sake ganin irinsa ba. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin ban kawo cefane ba. Da girmanta ta shiga addini, ta riga ta haihu, kuma ranar Kirsimeti aka yi mata baftisma tare da mutane da yawa. Wani Fada Bature ne ya zuba mata ruwa, ya ba ta sunan wata waliyyiya da aka kashe saboda bangaskiyarta a daidai wannan rana. Sunan yana da nauyi a harshe, don haka ba wanda ya ɗauke shi. Mutanen gari suka ci gaba da kiranta da laƙabinta na da, 'ya'yanta na ce mata Inna, mu muna ce mata Kaka. Ita kanta ba ta kama sunan, don girmamawa. Takwarata kawai take cewa.

Kuma takwarar nan ita ce ciwon da ke ranta. Ba wai tana jin haushin Ubangiji ba ne, Allah ya kiyaye, kafin ta fara maganar ma sai ta yi alamar gicciye. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne, mace ta ba da ranta saboda wannan Jariri, ta mutu a ranar haihuwarsa, amma a yi kiɗa a yi waƙa a yanka akuya a watse, ba wanda ya ce mata ko sannu, har shi katikis.

"In maigida ya shigo a tashi masa, daidai ne," in ji ta. "Amma wadda ta share ƙofar fa?"

To sai ta ƙirƙiro nata bikin. Da asubar Kirsimeti, tun sanyi na cizon kunne, za ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, daban da babban murhun da iyayenmu mata ke fama da tukwanen shinkafa. Ta ɗora 'yar tukunya ta dama kunun tsamiya, wanda take kira kunun takwara, ta kira mu jikoki mu zauna ta ba mu labarin waliyyiyar. Har yanzu ina jin ɗumin ƙoƙon a tafin hannuna, da tsamin kunun, da hayaƙin da ke sa mu hawaye muna ƙara matsowa.

Sai dai labarin yana da dokoki, kuma dokokin nan su ne suka cuce ni. Ba ta ba da shi sai a ranar. In ka roƙe ta washegari, sai ta ce ranar takwara ta wuce, ka jira baɗi, labarin tsarkaka ba tatsuniyar gizo ba ce da za a yi duk lokacin da aka ga dama. Ba ta kuma kamawa daga tsakiya. Ko bara an kai rabi, bana daga farko za a soma, daga gidan uban yarinyar a birnin Rum, babban mutum mai bayi da dawaki, wanda bai san Allah ba, "kamar dai ubana" in ji ta. Sunan kuwa yana can ƙarshe. Na taɓa amfani da matsayina na miji na ce ta faɗa mini a kunne. Ta ɗaga muciya.

"Ka ji ɗan banzan miji. Kana son suna ba ka son wahalar mai sunan? Zauna ka ji yadda ta mutu tukuna."

Ina zama fa. Ka yarda da ni, ina zama. Amma Kaka ba ta san sauri ba. Sai ta tsaya ta kwatanta zannuwan yarinyar, ta kwatanta abincin gidansu, ta tofar da taba, ta yi wa wani jikan faɗa don ya zubar da kunu, ta koma ta ɗauko inda yarinyar ke fita a ɓoye zuwa wurin masu bin Almasihu. Kafin a kama ta a kai ta gaban alƙali gari ya waye. Da gari ya waye kuwa an gama da mu. Akuya ta yi kukan ƙarshe a bayan rumbu, ƙaurin babbaka ya cika gida, yara su zame ɗaya bayan ɗaya don neman wutsiya da kunne. Uwata ta ƙwala mini kira in zo in yi wanka, ga sabon ɗinki yana jira. Matan coci su shigo da tulunan kiɗansu suna guɗa. In na noƙe na ƙi tashi, babana ya leƙo ya ɗora mini kwanon shinkafa a ka, in kai wa maƙwabtanmu Musulmi da ke unguwar gangare, gida gida, tun abinci bai huce ba. Kafin in dawo wutar Kaka ta zama toka, ta ɗaura zanenta na coci, fuskarta a murtuke.

Shekarar da na fi nisa, zazzaɓi ne ya taimake ni. Ba wanda ya aike ni, aka bar ni lulluɓe da bargo a gefen Kaka. Na ji yadda aka jefa takwarar a kurkuku, aka hana ta abinci har masu gadi suka gaji da jiran mutuwarta. Na ji yadda aka fito da ita aka kai ta ruwa don a nutsar da ita, ruwa ya ƙi karɓarta. Kaka ta gyara zama, idonta ya yi ƙyalli, ta ce, "To da suka ga ruwa ya ƙi," sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Fada ne da kansa, wanda rabonmu da shi tun kafin girbi, ya zo yi mana addu'ar Misa a gurguje don wasu ƙauyukan na jiransa. Gida ya hargitse. Babana ya zo ya sure ni da bargon duka. Kaka ta ce masa ya bar yaron minti kaɗan, saura ƙiris. Ya rusuna, don bai taɓa yi mata magana a tsaye ba, ya ce cikin ladabi, "Inna, ana babbakar giwa wa ke jin ƙaurin zomo?" Ya tafi da ni. Na waiga na gan ta tana kwashe itacen daga wuta ɗaya ɗaya, tana cusa su cikin ƙasa.

Daga nan aka kai ni makarantar kwana. In na dawo hutu na zama saurayi, aikin riƙe akuya da fiɗa ya dawo kaina. Kaka ta ci gaba da hura wutarta ga ƙananan jikoki, su ma suna guduwa a daidai inda muka riƙa guduwa. Ta rasu da damina, ina makaranta. Kirsimetin da ya biyo baya ba wanda ya dama kunun tsamiya, ba kuma wanda ya lura sai ni, ni ma sai da rana ta yi tsaka.

Shekaru suka ja, ga ni a wani bene a unguwar Sri Petaling, matata ta haifi 'ya mace. Matan 'yan'uwanmu Kanawa da ke benen suka karɓe jegon gaba ɗaya, wannan ta kawo kunun kanwa, waccan ta kawo yaji, kamar ba addininmu daban ba. Tun cikin na wata nawa na ƙudura cewa in mace ce sunan Kaka zan sa mata, ba laƙabin ba, sunan baftismar da aka binne tun tana raye. A zatona abin mai sauƙi ne. Waliyyiya, 'yar babban mutum a Rum, ta mutu ranar Kirsimeti. Me ya rage?

Na je wurin Fadan cocin da muke zuwa, wani dattijo ɗan asalin Indiya, mai haƙuri. Na zayyana masa labarin har inda na sani. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce ai su biyu ne. Mata biyu, duka 'ya'yan manyan Rum, iyayensu maza ba su san Almasihu ba, duka a wannan rana ake tunawa da su. Na ce to wadda aka hana wa abinci a kurkuku. Ya ce yadda labarin ya zo, duka biyun. Na ce wadda ruwa ya ƙi ci. Ya yi murmushin tausayi ya ce ita ma wannan duka biyun ne. A ƙarshe ne suka rabu, ɗaya wuta aka ƙona ta da ita, ɗaya takobi. Ya tambaye ni yadda tawa ta mutu.

Wallahi da Kaka na kusa da sai mun yi faɗa. Jimla ɗaya ta rage, jimla ɗaya, ta zauna a kanta kamar kaza a kan ƙwai har ta shiga kabari da ita. Na ji haushin babur ɗin nan, na ji haushin akuyoyin gidanmu kaf, na ji haushin katikis da bai taɓa buɗe baki ya ambaci matan nan ba, shi ma ya daɗe da rasuwa, takardun tsohuwar coci kuwa gara ta gama da su tun kafin a yi mata rufin kwano. Fada ya ce in a ra'ayinsa ne, ta wutar ce, don ita aka fi sani. Na yi godiya na fito ban gamsu ba.

Kwanaki na tafiya, maƙwabta na tambaya. Maƙwabcina Bakano, wanda muke shan shayi tare a mamak, shagon abincin Indiyawa da ke ƙasan bene, wanda kuma bakinsa ya kama "lah" ɗin 'yan ƙasar nan, ya tare ni a matakala.

"Malam, suna fa ya matso. Matan nan sun riga sun yi booking ɗin rago. Kawai ka kira tsoho ka tambaye shi lah, mene ne a ciki?"

Matata ma ta ce haka, ta ƙara da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Su biyun sun san mene ne a ciki. Ba a tambayar ɗa sunan uwarsa, balle ɗan fari irin babana, wanda ita ma har ta mutu ba ta taɓa kama nasa sunan ba. Amma ba ni da wata hanya. Na jira har rana ta karkata a nan, lokacin da can hantsi ya yi, na kira ƙanena ya kai wa Baba wayar, muna ganin juna.

Ya tsufa. Ya ga jaririya ya sa albarka, ya tambayi mai jego. Na yi ta kewaye-kewaye sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. Fuskarsa ta canja.

"Karatun naka ne ya kai ka nan? In kama sunan Inna da bakina?"

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sai ka faɗa ba. Ni zan ambaci sunaye biyu, in na zo kan nata ka gyaɗa kai kawai."

Na ambaci na farko. Bai motsa ba. Na ambaci na biyu. Bai motsa ba. Na ɗauka layin ne ya tsaya, sai na ga ƙuda ya sauka a hularsa ya tashi. Raina ya ɓaci, na soma ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba, ina cewa wannan wace irin kunya ce da za ta sa a bar sunan mutum ya ɓata. Sai ya karɓi wayar daga hannun ƙanena ya ce masa ya ba mu wuri. Bai iya riƙe ta ba, don haka rufin zaure kawai nake gani da gefen hularsa.

"Ban san shi ba," ya ce.

Na matso da wayar kusa da kunnena.

"Ranar da aka zuba mata ruwa ina yaro, ina bayan coci wurin masu kiɗa. Da na girma kuma, ta yaya zan je in ce Inna mene ne sunanki? Wutar nan da kake gani, ba don ku ta soma hura ta ba. Tun ba a haife ku ba ni take kira. Ni kuwa kullum akwai baƙi, akwai yanka, ina cewa baɗi."

Duk shekarun nan na ɗauka yana riƙe da sunan ne a ciki kamar yadda ake riƙe abu mai daraja. Mutane biyu, uwa da ɗa, sun zauna gida ɗaya tsawon rayuwa, kowa na jin nauyin kowa, ita tana jira ya zauna, shi yana jin kunyar tambaya. Na rasa wanda zan fi jin haushi a cikinsu, sai na ce masa Allah ya ƙara lafiya, muka yi sallama.

Matata ta ce a haɗa wa yarinyar sunayen biyu a huta. Na ƙi. Takwarar Kaka ɗaya ce, kuma a cikin taro aka ɓatar da ita tun farko. Na yi tunanin maganar Fada, wai ta wutar aka fi sani. Ai ƙorafin Kaka ke nan har ta mutu, cewa ba wanda ya san tata. Da wannan ɗan guntun dalili, da kuma zuciya, na zaɓi ta takobin, wadda ko a cikin waɗanda aka manta ita ce ta baya. Da Fada ya tambayi sunan da muka ba yarinyar a gaban ruwan baftisma, na faɗe shi da ƙarfi kamar na tabbata.

Yarinyar yanzu ta shiga makaranta. Malamarta na ƙwala mata sunan, ƙawayenta 'yan Malay sun gutsure shi sun mayar da shi yadda ya yi musu daɗi, ita kuma in na yi mata Hausa da Turanci take ba ni amsa. Ba ta san wani abu wai shi jin nauyin suna ba, nawa ma tana faɗarsa gatsau in an tambaye ta. Wani lokaci abin na yi mini zafi, wani lokaci kuma in ce ai gara haka, mu da muka iya kunyar me muka tsira da shi? Duniya ta koma yadda cikin ƙiftawar ido wayata za ta kawo mini tarihin matan nan biyu, da zanen fuskokinsu, da inda aka binne su. Abin da ba za ta iya gaya mini ba shi ne wacce ce tsohuwar nan take dama wa kunu.

Na so abin ya tsaya a kan 'yata, tsakanina da Allah. Na gaya wa Baba tun a lokacin cewa zaɓa na yi, ba ganowa ba. Ya katse ni ya ce masu karatu sun faɗa, an gama. Ya sanar a coci cewa an mayar da sunan Inna. Ya hana kowa a gida kama sunan yarinyar, Inna ƙarama suke ce mata. Ko ya yarda ne da gaske, ko ya gaji da rashin sani ne, ban tambaye shi ba, don ni ma ɗansa ne.

Bara, ana saura kwanaki Kirsimeti, ina tsaye a cikin LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, kantuna duk sun cika da fitilu da waƙoƙin biki, sai ƙanena ya turo mini hoto. Baba ya sa maƙeri ya yi sabon gicciye na ƙarfe, an kafa a kabarin Kaka a bayan kuka. A jikinsa, da farin fenti, da manyan baƙaƙe, ga sunan da na zaɓa. Har na wuce tashata ina kallon hoton. In na dace, to Kaka ta samu abin da ta nema, a makare. In kuwa ban dace ba, tana can kwance a ƙarƙashin sunan wata, takwararta kuma an sake danne ta, wannan karon ba akuya ba babur, ni ne da bakina.